Sharhi a kan littafin Uprooted: almajirar matsafi da kurmin da ke cin mutane

Littafin Uprooted na marubuciya Naomi Novik, wanda kamfanin Del Rey ya buga a Amurka a shekarar 2015, yana cikin littattafan da ake fara ambata wa duk wanda ya ce yana neman ƙagaggen labarin soyayya mai haɗe da sihiri, musamman irin wanda budurwa ke koyon tsafi a hannun gogaggen matsafi. Da Ingilishi aka rubuta shi, ya haura shafi 400, kuma labari ne guda cikakke wanda ya fara ya ƙare a cikin bango ɗaya. Wannan kaɗai abin yabo ne a fagen da aka saba jan mai karatu zuwa littafi na uku ko na biyar kafin a warware masa ƙulli. A ganina littafin ya cancanci kuɗinsa da lokacin da za a ba shi, sai dai ya kamata mai saye ya san cewa soyayyar da ake tallata shi da ita ce ɓangarensa mafi rauni, ƙarfinsa kuwa yana cikin darussan sihirin, da amincin 'yan mata biyu, da wani kurmi mai ban tsoro.

Labarin yana faruwa ne a wata ƙagaggiyar masarauta mai suna Polnya, wadda aka gina a kan tatsuniyoyi da yanayin ƙasar Polan, tana kuma zaman doya da manja da maƙwabciyarta Rosya, wadda ba sai an faɗa ba an san inuwar Rasha ce. An haifi marubuciyar a New York a 1973, mahaifiyarta 'yar asalin Polan ce, kuma ana jin tasirin tatsuniyoyin da ta taso da su a sunayen mutane da ƙauyuka da waƙoƙin da ke cikin littafin. A wani kwari da kogin Spindle ya ratsa, akwai matsafi guda da mutane ke yi wa laƙabi da Dragon, sunansa na gaskiya Sarkan, wanda yake zaune shi kaɗai a doguwar hasumiya yana kare ƙauyukan daga sharrin Kurmi. Ladan wannan tsaro shi ne duk bayan shekara 10 yakan sauko ya zaɓi budurwa ɗaya 'yar shekara 17, ta zauna a hasumiyarsa shekara 10, sannan ya sallame ta da jakar azurfa. Babu wadda ta taɓa cewa ya taɓa ta, amma babu wanda ya yarda, kuma duk wadda ta fito ba ta iya zama a kwarin, sai ta tattara ta tafi birni.

Kowa a ƙauyen Dvernik ya sakankance cewa Kasia za a ɗauka, domin ita ce kyakkyawa, mai hankali, mai ƙarfin zuciya, har mahaifiyarta ta yi shekaru tana horar da ita girki da ɗinki da juriya saboda wannan rana. Ƙawarta Agnieszka, wadda ita ce ke ba da labarin da bakinta, yarinya ce da ba ta iya yin sa'a guda ba tare da ta yaga riga ko ta ɓata ta da laka ba. Da ranar zaɓe ta zo, Sarkan ya ɗauki Agnieszka yana ɓata rai, domin ya ga alamar baiwar sihiri a jikinta, dokar masarautar kuwa ta wajabta a horar da duk mai wannan baiwa. Ita ba ta san haka ba, shi kuma bai ga dalilin yi mata bayani ba, kuma daga wannan rashin fahimta ne surorin farko suka samo daɗinsu da takaicinsu.

Darussan sihirin su ne inda marubuciyar ta fi nuna gwaninta, kuma a nan ne littafin ya sha gaban yawancin takwarorinsa. Sarkan mutum ne mai tsari wanda ya shafe fiye da shekara 100 yana nazari. A wurinsa kowane surkulle yana da lafazi ɗaya daidai, da adadin kayan haɗi, da sakamakon da dole ya fito iri ɗaya a hannun kowa, kuma yana rubuta komai a rijista. Ya fara ta da ƙananan kalmomi biyu: lirintalem, wadda ke mayar da lalataccen girki abinci na alfarma, da vanastalem, wadda ke sauya tsummokaran jikinta zuwa tufafin fada. Duk lokacin da ta furta su sai ta ji kamar an zuƙe mata jini, ta koma ɗakinta da rarrafe, tana zaton cewa ƙarfinta yake sata. Shi kuma ya yanke hukuncin cewa an haɗa shi da daƙiƙiyar almajira wadda ba ta iya riƙe abin da yaro zai haddace a yini ɗaya. Akwai ban dariya a yadda take fama da rigunan siliki masu matse haƙarƙari waɗanda ba ta iya kwance su da kanta, har ta gano cewa idan ta tauna kalmar ta furta ta a gurguje, sai ta samu riga mai sauƙi irin ta 'yan ƙauye. Wannan ƙaramin abu shi ne alamar farko da ke nuna cewa hanyarta daban ce, kuma marubuciyar ta bar mai karatu ya lura da kansa ba tare da ta nuna masa da yatsa ba.

Juyin ya zo ne lokacin da aka kunna wutar neman agaji daga ƙauyensu alhali Sarkan ya yi tafiya. Agnieszka ta ɗaure rigunan silikin nan ta yi igiya da su, ta sauko ta taga da kwalaben magungunansa, ta je ta tarar da shanun ƙauyen sun kamu da cutar Kurmi, sai an ƙone su. A ƙarshen wannan dare kyarketai suka far mata, Sarkan ya iso ya cece ta, amma ya samu rauni, dafin Kurmi ya fara bin hannunsa. Cikin neman abin da za ta yi masa, sai ta ci karo da wani ɗan ƙaramin kundi na tsohuwar matsafiya Jaga, wato Baba Yaga ta tatsuniyoyin gabashin Turai, wanda Sarkan ya daɗe da jefarwa gefe a matsayin shirme saboda babu awo a cikinsa, babu cikakken lafazi, sai gajerun bayanai kamar na mai tuna wa kanta abu. Wannan kundi ne ya yi daidai da hannunta. Bambancin da ke tsakaninsu kamar na masu girki biyu ne, ɗaya ba ya zuba gishiri sai ya auna, ɗaya kuma tana ɗanɗanawa tana ƙarawa, kuma duk wanda ya taɓa koyar da wani sana'a zai gane haushin malamin da ya ga almajirinsa ya karya kowace ƙa'ida amma aikin ya yi kyau. Sarkan yana zaunar da ita yana tambayar sau nawa ta maimaita kalmar, da wane sauti, ganye nawa ta sa, ita kuma amsarta ita ce ba ta ƙirga ba, kuma gobe ba lallai ta yi haka ba.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne marubuciyar ba ta mayar da ilimin Sarkan abin banza don ta ɗaukaka baiwar yarinyar ba. Manyan ayyukan da ke cikin littafin ba sa yiwuwa sai an haɗa hanyoyin biyu, tsarinsa ya zama ginshiƙi, nata kuma ya cika tsakani. Akwai wurin da suka haɗa hannu suka ƙera furen wardi na siddabaru, nasa daidai yake a kowane ganye amma ba rai, nata kuma a hargitse yake amma yana ƙamshi, da suka haɗa sai furen ya yi saiwa ya bazu a ɗakin karatun. A wannan wuri ne aka fara jin wani abu na shiga tsakaninsu, kuma shi ne wuri mafi gamsarwa a duk soyayyar, domin ta taso ne daga aikin da suke yi tare.

Amma wannan bai isa ya ɗauki nauyin da aka ɗora masa ba. Sarkan ya shafe kusan rabin littafin yana kiranta sakarya da daƙiƙiya da ƙazama, kuma babu inda ya zauna ya nemi afuwarta a kan tsoron da ya bar ta a ciki a makonnin farko, lokacin da kalma biyu daga bakinsa za su kwantar mata da hankali. Ga tazarar shekaru, ita tana da 17, shi ya haura 100 ko da yake fuskarsa ta saurayi ce. Ga kuma matsayi, shi ne ubangijin kwarin, shi ne malaminta, kuma ba da son ranta ta shiga gidansa ba. Marubuciyar ta san da wannan matsala, shi ya sa ta sa Agnieszka ce ke fara kowane mataki, shi kuma yana ja da baya yana kawo hujjar rashin dacewa. Duk da haka, sauyin daga tsana zuwa so ya zo da gaggawa, kuma a daidai lokacin da ya kamata a ga yadda zai yi laushi, sai labarin ya raba su, ya tura ta babban birni ya bar shi a hasumiya tsawon surori masu yawa. Wanda ya sayi littafin don hirar masoya da kalaman zuciya zai ƙirga shafukan da suka ba shi hakan ya ga ba su taka kara sun karya ba. Wani wurin da bai yi mini daɗi ba shi ne lokacin da Yarima Marek, ɗan sarkin Polnya, ya kwana a hasumiyar ya nemi keta mata haddi, ta kare kanta ta hanyar rotsa masa kai da faranti na ƙarfe. Martanin Sarkan na farko faɗa ne da ɗora mata laifi, kuma daga baya labarin ya ci gaba da tafiya da Marek kamar abin da ya yi ƙaramin aibi ne cikin halayensa.

Ƙaunar da ta fi ƙarfi a littafin ita ce ta Agnieszka da Kasia. Lokacin da halittun Kurmi masu kama da busassun rassa suka sace Kasia suka cusa ta cikin wata bishiya mai haɗiye mutane, kowa ya ce ta tafi ke nan, domin wanda ya kwana a Kurmi ko ya dawo ba shi ne ya dawo ba, wani abu ne sanye da fatarsa. Agnieszka ta shiga ta ciro ta, sannan aka shiga dogon aikin tsarkake ta a ƙarƙashin hasumiya. Maganin da ya yi aiki shi ne wani babban surkulle da ake karanta shi daga littafi tun daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa ba, wanda haskensa ke bayyana gaskiyar duk abin da ya sauka a kansa. A cikin wannan haske kowace ta ga abin da ɗayar ta ɓoye shekara da shekaru. Agnieszka ta ga ɗacin ran Kasia, yarinyar da uwarta ta rage mata ƙauna tun tana ƙarama don kada rabuwa ta yi mata zafi, da kishin da take yi wa ƙawarta da aka bari ta yi ƙuruciya. Kasia kuma ta ga cewa a can ƙasan zuciyar Agnieszka akwai farin cikin cewa ba ita za a ɗauka ba, da hassadar kasancewar Kasia zaɓaɓɓiya. Suka ga duk wannan, kuma ba su saki juna ba. Ban ga wani wuri a littafin da ya kai wannan nauyi ba, kuma yawancin manyan shawarwarin da Agnieszka ta yanke daga nan har ƙarshe saboda Kasia ta yanke su.

Shi kansa Kurmin ya cancanci a tsaya a kansa, domin samun abokin gaba irinsa a wannan fage yana da wuya. Yana da wayo da haƙuri, yana dasa tarko ya jira shekara 20. Ƙurar furensa kaɗai tana iya sa mutum ya kashe iyalinsa yana murmushi, kuma duk shekara yana matsowa taku kaɗan, ya riga ya haɗiye ƙauyuka da mutanensu. Ya fi son ya bar mutum da ransa ya koma gida ya yi ɓarna, ko ya haɗa masarautu biyu faɗa su kashe juna shi kuma ya ci ƙasar. Shekara 20 kafin labarin ya fara, Sarauniya Hanna ta Polnya ta ɓace a cikinsa tare da yariman Rosya, abin da ya jawo yaƙi tsakanin ƙasashen, kuma ɗanta Marek, da ya ji an ceto Kasia, ya tilasta a shiga a nemo masa uwarsa. Tafiyar da suka yi da sojoji 30 zuwa tsakiyar Kurmin tana cikin surorin da suka fi tayar da tsigar jiki, kuma marubuciyar ba ta tausaya wa kowa ba: dawakai da mutane suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sojojin da suka fito kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Daga nan labarin ya koma Kralia, babban birnin masarautar, kuma a nan ne tafiyar ta yi sanyi. An kai Agnieszka don a jarraba ta a sa sunanta cikin jerin matsafan sarki, sai aka ɓata shafuka a kan liyafa da gulmar matan fada da yadda wata ta mayar da ita abin dariya ba ta sani ba. An saba ganin irin wannan a littattafai da yawa, kuma bai ƙara wa labarin komai ba. Abin da ya ceci wannan sashe shi ne Alosha, matsafiya maƙeriya wadda ta ga sarakuna da dama sun zo sun wuce, mai magana ba kwana-kwana, wadda ta nuna wa Agnieszka cewa ceton mutum ɗaya yana iya jawo asarar dubbai. Solya, matsafin da ke bin Marek, shi ma an zana shi da kyau a matsayin mai neman matsayi wanda ba a san inda zai faɗa ba. Bayan wannan sai abubuwa suka riƙa zuwa a guje, kisa da gudu da yaƙi a gindin hasumiya, har mai karatu ya rasa wurin numfasawa. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe ya ƙunshi abin da zai iya cika littafi guda, kuma wasu mace-macen da ya kamata su girgiza zuciya sun wuce kafin a ji zafinsu.

Akwai kuma wani aibi da ya shafi sihirin Agnieszka a wannan sashe. A farko an nuna cewa kowane aiki yana cin ƙarfinta, amma a ƙarshe sai ya zama duk lokacin da aka shiga tsaka mai wuya tana tuno wata kalma ko wata waƙar ƙauye da ta dace da matsalar daidai. Tun da an ce hanyarta ba ta da ƙa'ida, babu yadda mai karatu zai san iyakar abin da za ta iya, kuma hakan yana rage fargaba. Ba zan bayyana yadda aka warware asalin Kurmin ba, sai dai in ce bayanin ya gamsar, ya kuma dace da abin da aka shuka tun farko game da dalilin da ya sa mutanen kwarin ba sa iya barinsa duk da haɗarinsa, da dalilin da ya sa Sarkan ya killace kansa a bayan duwatsun hasumiya yana ƙin shan ruwan kogin.

Ta fuskar harshe, Ingilishin littafin ba mai tsauri ba ne, amma marubuciyar tana son dogayen jimloli da siffantawa mai yawa, musamman idan ana aikin sihiri, inda take kwatanta shi da ruwa mai gudu ko neman hanya a cikin daji. Wanda ya saba karanta labarai da Ingilishi ba zai sha wahala ba, wanda kuma yake farawa zai buƙaci ƙamus a surorin farko. Sunayen ne za su ɗan ba da wuya a ido: ana furta Agnieszka kamar Agniyeshka, Kasia kuma kamar Kasha. Littafin ya ci lambar Nebula ta gwarzon littafin 2015, ya ci lambar Locus da ta Mythopoeic a 2016, ya kuma kai zagayen ƙarshe na lambar Hugo a 2016 ɗin. Kafin shi an san marubuciyar da jerin littattafan Temeraire guda 9, waɗanda salonsu ya sha bamban da wannan, don haka wanda bai ji daɗin waɗancan ba kada ya yanke hukunci da su.

Iyaye da masu saya wa wani kyauta su lura cewa, ko da yake jarumar 'yar shekara 17 ce kuma farkon labarin yana kama da tatsuniya, littafin na manya ne. Akwai yunƙurin fyaɗen da aka ambata, akwai wuri guda da aka bayyana kwanciyar masoyan a fili, da wani guntu kafinsa, sannan akwai zubar da jini mai yawa da siffanta gawarwaki da jikin da cuta ta lalata. Ana samunsa a bugun takarda, da na karantawa a waya ko kwamfuta, da kuma na saurare. Na sauraren ya haura awa 17, kuma a fitowar Amurka mai karantawar tana da karin harshen gabashin Turai mai nauyi, tana kuma tafiya a hankali, abin da wasu ke ganin ya dace da muryar Agnieszka, wasu kuma yake gajiyar da su. Yana da kyau a saurari ɗan samfurin da ake bayarwa kyauta kafin a biya. Ni na fi son bugun takarda, saboda a surorin fada sunaye da laƙabai suna yawa, kowane matsafi yana da suna biyu, kuma mutum zai so ya koma baya ya duba wane ne wane. Masu sayarwa sukan jera shi tare da Spinning Silver na marubuciyar, wanda ya fito a 2018, amma wannan labari ne dabam da mutanensa dabam, ba ci gaban Uprooted ba ne, kuma ba a buƙatar ɗaya don a fahimci ɗayan.